Rumbu Uku a Gajimare

Mu uku ne, ciki ɗaya,
amma rumbunmu uku a cikin gajimare.
Barikisu a Nima tana kan mai shuɗin akwati.
Mutawakilu a Jamus ya ce na kamfaninsu kaɗai
ke buɗuwa a kwamfutar wurin aiki.
Ni a Aboabo na riƙe na kyauta,
wanda kullum yake mini kukan ya cika.

Fayil ɗaya muka haɗu a kai, "Maganin Baba":
sunan ƙwaya, ƙarfe nawa za a sha,
sidi nawa, wa ya biya,
kuɗin tasi zuwa asibiti, ranar komawa.

Mutawakilu ne ya ɗaukar mana ɗan aike,
wata manhaja mai zirga-zirga tsakanin rumbunan.
Ya ce ba ya barci, ba ya neman goro,
abin da ɗaya ya rubuta, zai kai wa biyu.
Bai faɗa mana ba
cewa in hannu biyu suka taɓa layi ɗaya a lokaci ɗaya
fayil ɗin tagwaye yake haifa.
Na wayi gari da Hasan da Fusaini,
washegari ga Gambo,
kowanne yana rantsuwa shi ne na gaskiya.

Akwai daren da Barikisu ta sa sidi ɗari uku,
a Jamus gurbin ya fito fayau, ba ko sisi.
Waya ta yi zafi.
Aka tono bashin bikin shekara tara da suka wuce,
aka ambaci wanda ya tafi da wanda ya zauna.
Ashe saƙon yana hanya,
ya maƙale kamar mota mai faci a Nkawkaw.
Da asuba ya iso, ɗan aike ya sa alamar kore.
Ba wanda ya ce a yi haƙuri.

Baba yakan leƙo ta kafaɗata,
yana warin man zafi da lemun tsami.
"Wai ina kuke ajiye ni?"
Na ce, a gajimare.
Ya ɗaga kai ta taga, ya daɗe yana duba.
"Na Kumasi? Wannan ai ba ya riƙe amana.
Kafin la'asar ya zubar."

Talata ce, kafin kiran sallar fari.

Bayan addu'ar uku Barikisu ta share layukan,
ta sauya suna: "Kuɗin Sadaka."
Buhun shinkafa, rumfa biyu, kujeru ɗari da hamsin.
Ɗan aike bai yi ta'aziyya ba,
ya ɗauki sharar ya kai Jamus cikin ƙiftawar ido.
Rumbu biyu suka yarda Baba ya tafi.

Nawa bai ji ba.
Datata ta ƙare tun daren Litinin,
ban iya fita na saya ba.
Tsohuwar kwamfutar tana ɗakinsa, kusa da buta,
a cikinta har yanzu
ƙarfe takwas na dare, rabin fara, bayan tuwo;
Alhamis mai zuwa, likitan ƙoda, a zo da wuri.

Yau na sayi data a bakin titi,
wajen yarinyar nan mai laima ja.
Zoben ya juya, ya juya,
sai ɗan aike ya tsaya a ƙofa da ladabi:
biyu sun saɓa, wanne za a bari?

Barikisu ta turo saƙo: "Yaya, naki bai daidaita ba."
Na sani.

Ruwa ya fara dukan kwano,
kwata ta cika, yara suna ihu a lungu.
Na kashe datar, na bar tambayar a tsaye.
Saura minti shida takwas ta yi.
Na tashi na ɗauraye kofinsa.